Hosil Ɗinsa, Kafaɗata

Akwai wata kalma da in na ji ta a bakin mutum, ba fuskarsa nake kallo ba, tafin hannunsa nake nema. A Turance hustle ake rubuta ta, amma a bakin samarin unguwarmu, Madabo, hosil ce. Na fita hosil. Ana ta hosilin. Allah ya sa wa hosil albarka. Lokacin da nake firamare ba wanda ya san ta a lungunmu. Yanzu kuwa har a bayan adaidaita sahu za ka gan ta da jan fenti.

Ba sai an fassara mini ita ba, na yi sakandare. Malamarmu ta Turanci ta taɓa sa mu buɗe ƙamus a kanta, ranar da wata 'yar ajinmu ta cusa ta a rubutun jarrabawa. Abin da na riƙe bai wuce wannan ba: mutum ya dage da iya ƙarfinsa, ya kutsa, ya yi gumi, ba ji ba gani, har ya samu abin da ya fito nema. To wannan ai ba baƙon abu ba ne a Kano. Muna da fafutuka, muna da faɗi-tashi, muna da buga-buga. Tsofaffi ma ba sa wahalar da bakinsu, neman abinci kawai suke cewa.

Abin da na lura da shi daga baya shi ne, masu yin abin daban, masu faɗinsa daban. Ɗan garuwan da ke turo mana ruwa, kura cike da jarkoki, a lungun da mutum biyu ba sa jerawa, bai taɓa cewa yana hosil ba. In ka yi masa sannu ya amsa, in ba ka yi ba, matsa masa hanya kawai. Haka 'yan dakon kasuwar Kurmi, haka masu bugun shadda da ke wuni suna sauke ƙaton itace a kan yadi. Masu faɗinta su ne 'yan zaman dakali, waya a hannu, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Kuma na gano amfaninta. In mutum ya ce ɗinki yake yi, za a ce ya nuna rigar da ya ɗinka. In ya ce shi kafinta ne, ina kujerar? Amma in ya ce hosil yake yi, an gama magana, ba mai sake tambaya. Mai tallan turaren da bai taɓa gani ba sai a hoto, hosil. Mai bin motar 'yan siyasa, hosil. Har masu fizge wa mutane waya a titi, in ka ji hirarsu, sunan da suka sa wa abin ke nan.

Yayana yana cikin masu faɗinta.

Mu uku ne a gida tun da Baba ya rasu: Umma, Yaya da ni. Taliya ce ta riƙe gidan, 'yar murji, wadda ake ci da manja da yaji. Umma ta fi shekara ashirin tana yi, da ita ta yi mana makaranta, shi har difloma ya fara ya watsar. A shekarar da na gama sakandare kafaɗarta ta dama ta ƙi. An yi ƙaho, an yi shafe-shafe, an je asibiti, aka ce ta daina murza inji in tana son hannunta. Washegari na hau benci. Ba wanda ya ce in hau, ba kuma wanda ya ce kar in hau.

Wanda bai san taliya ba sai a faranti, bari in gaya masa. Kwaɓinta ba kwaɓin fanke ba ne. Da tauri ake yin sa: fulawa, gishiri, ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, ana dannawa da dunƙulen hannu har ya haɗe kansa ya yi kamar zai gagari mutum. Taurin nan shi ne taliyar. In ya yi laushi zai manne a inji, in ma ta fito za ta caɓe a tukunya ta koma tuwo. Sai a rufe shi da leda ya huta. Sannan a gutsuri curi, a danne shi da tafi, a barbaɗa gari, a sa a bakin inji na farko, mai shimfiɗawa. A murza, a ninke, a sake sawa, ana matse bakin a hankali, sau biyar ko shida, har ya zama dogon falle. Duk wahalar a nan take. Baki na biyu, mai yankawa, wasa ne, don fallen ya riga ya saki jiki. Injin a ɗaure yake a kan benci, kuma dole mai murzawa ta zauna a kan bencin ta danne shi da nauyinta, in ba haka ba ya riƙa tsalle. Dama na murzawa, hagu na tarowa, daga idar da sallar asuba har azahar. Umma ce ke shanyawa a igiya, a ƙarƙashin rumfa, da hannun hagu.

Yaya kuwa sai hantsi ya dubi ludayi yake fitowa, ya sha koko da ƙosai, ya yi wanka, ya fesa turare. In Umma ta ce ya ɗauko mana buhun fulawa daga bakin titi, sai ya duba waya ya ce yana da hosil ƙarfe goma. Ɗan dako muke nema. In ka bi sawunsa ƙarfe goman, za ka tarar da shi a dakalin mai cajin waya, ana musun ƙwallo.

Wata rana ya tsaya a kaina yana kallo, abin da bai saba ba. Ya ce in ɗan tashi. Na tashi, don na zaci Allah ne ya taɓa zuciyarsa. Sai ya ɗebi gari ya shafa a damatsansa, ya yarfa kaɗan a gaban riga, ya jingina wayarsa da turmi, ya ɗauki fallen da na gama shimfiɗawa ya sa a bakin yanka. Taliya ta zubo zara-zara. Ya share gumin da babu shi a goshinsa. Bai yi minti ɗaya ba ya miƙe ya kaɗe jiki ya fita. Da yamma wata ƙawata ta turo mini bidiyon. An sa masa kiɗa, a ƙasa an rubuta: hosil ba wasa ba ne, namiji ba ya raina sana'a.

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Matashi abin koyi. Namiji da sana'ar mata kuma bai ji kunya ba. Wata har cewa ta yi ina ma ƙannenta su gani su yi hankali. Na zauna na karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, da hannun hagu nake riƙe wayar don na daman ya gaji da murzawa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, bidiyon ya kawo ciniki. Masu shaguna da ba mu sani ba suka fara aikowa, har daga Gwammaja. Kwaɓin da nake gamawa da azahar ya koma sai la'asar. Duk sati sai ya zo ya ce in ɗan tashi, ya shafa gari, ya yanka falle biyu. Ya buga wata takarda mai ɗauke da laƙabinsa ana liƙawa a leda, a ƙasa an sa Si'i'o, wato shugaban kamfani. Kamfani mai ma'aikaciya ɗaya, ofishinsa benci. In na yi ƙorafi Umma ta ce ai gida ɗaya ne, abin da ya shigo na kowa ne, in ƙyale shi, ko ba komai ya samu abin da ya ɗauke masa hankali daga dakali.

A damina ta uku kafaɗata ta fara irin abin da ta Umma ta yi kafin ta ƙi. Na san alamar, a gabana aka yi. Ɗaura ɗankwali sai da dabara. In na ɗaga buta sai in ji kamar an soka mini allura a can ciki. Ban gaya wa kowa ba, don in na sauka daga bencin nan babu ta uku da za ta hau.

A lokacin ne wata ƙungiya mai tallafa wa matasa masu sana'ar hannu ta ce za ta raba kayan aiki. A cikin kayan akwai injin taliya mai amfani da wuta, da farantin sola nasa. Na taɓa ganin irinsa a waya. Ka sa curi, ka danna, shi ke shimfiɗawa, shi ke yankawa, kai naka tarowa. Yaya ya cike fom a wayarsa, ya tura musu bidiyoyinsa, aka ce ya tsallake matakin farko, za a zo gida a ga aikin da ido. Da ya gaya mana, wallahi na yi murna, har na ce Allah ya saka masa. Ban damu da sunan wa ke kan takarda ba. Ni dai injin ya shigo tsakar gidanmu.

Kwana uku kafin zuwansu ina taya Umma shanya a igiyar da ke jikin bangon soro, sai na ji muryarsa da ta abokinsa, wani mai shago a Gwammaja. Suna tsara inda za a kafa injin a cikin shagon, wane bango, ina za a ɗora solar. Abokin yana cewa za su ɗauki mata biyu su riƙa kwaɓi, shi kuma Yaya yana cewa duk masu sari ai lambarsa suke da ita, da shi za su tafi. Na jira abokin ya tafi, na tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, injin wa za a kai Gwammaja?"

"Laɓe kika koma yi?"

"Shanya nake. Muryarka ce ba ta da marfi."

Bai ko musa ba. Ya ce gidan ba fili, ya ce inji irin wannan ba na lungu ba ne, ya ce ai ni za a hutar. Na ce in injin ya tafi, masu sari suka bi shi, mu da me za mu zauna, mu ci hutun? Ya ce zai riƙa kawo wa Umma abin cefane. Mutumin da buhu ɗaya ya gagare shi ɗaukowa daga bakin titi.

"Ke matsalarki ba ki san yadda ake hosil ba," in ji shi. "Murzawa kawai kika sani. Yanzu da kai ake nema, ba da damtse ba."

"To ka sa kan naka a injin mu ga abin da zai fito."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya tuna Umma na tsakar gida, ya yi tsaki ya wuce.

Na kai ƙara wajen Umma, na zayyana mata komai. Ta ci gaba da warware taliyar da ta harɗe a igiya. Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai yayanki, ko wancan. A gaban mutane ba ta yabonsa, ba ta kare shi, ko kallon inda yake ba ta yi. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka take. Da ta buɗe baki, cewa ta yi in injin ya zo ita ta san yadda za ta yi da shi, ba zai fita ba. Na ce Umma, sunansa ne a takarda, kuma yaushe rabon da ki hana shi abu ya hanu? Ta ce ba wannan ba. Ta ce in baƙin suka zo suka yi tambaya, ita ba za ta iya buɗe baki a kansa ba, na san wannan. Don haka ni ce bakin gidan.

"Ki rufa masa asiri. Abin da nake roƙonki ke nan. In an tashi faɗa, a yi bayan sun tafi."

Na ce to. Kuma har ga Allah da niyyar cikawa na faɗa. Na yi lissafin cewa inji a hannun Yaya ya fi babu inji, ko ba komai zan iya kwanciya a bakin soro in ce sai dai a tsallake ni.

Ranar da za su zo, tun da safe Yaya ya ba ni umarni kamar wani manajan banki. In yi kwaɓi, in shimfiɗa masa falle shida in rufe da kyalle, in share tsakar gida, sannan in shiga ɗaki. In an tambaya, ni mai taya shi shanya ce. Na yi duk yadda ya ce. Sauran kwaɓin, na aikin ranar gaba ɗaya, na bar shi a babbar roba a rufe da leda yana hutawa.

Mace ɗaya suka turo, tunda cikin gida za a shiga. Wata Hajiya ce mai gilashi, ba ta kai Umma ba a shekaru, da jaka a kafaɗa da littafi a hannu. Ba ta da yawan fara'a. Ta gaisa da Umma, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, aka kawo ruwa. Ni ina daga bakin ƙofar ɗaki, labule a ɗage.

Yaya ya fara bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Yadda ya taso ya ga mahaifiyarsa na wahala, yadda ya rantse zai ɗaga sana'ar, yadda abokai suka yi masa dariya bai fasa ba. Na ƙirga, sau bakwai ya ce hosil kafin matar ta shanye ruwanta. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ɗauko falle, ya yanka. Ya ɗauko na biyu, ya yanka. Ya juyo yana murmushi.

Ta ce ya yi kyau. Sai ta nuna robar da biro.

"Malam, ɗauko wancan. Daga farko nake so in gani."

Ya yaye ledar, ya sa hannu, kwaɓin ya ƙi gutsuruwa sai da ya haɗa da ɗaya hannun. Ya ciro wani ƙaton curi kamar kan jariri, bai danne ba, bai barbaɗa gari ba, ya tura shi a bakin injin da ke matse tun fallen ƙarshe da na yi. A tsaye yake, don bai taɓa zama a bencin ba, kar wandonsa ya ɓaci. Ya kama mariƙi ya danna. Bai juya ba. Ya ƙara ƙarfi, bencin ya ɗaga ƙafa biyu ya dawo da ƙara. Kazar maƙwabta da ke tsintar gari ta yi tsalle ta haye katanga. Yanzu kam gumin gaske ne a goshinsa, karo na farko da na taɓa gani a kusa da injin nan.

Har nan ban yi motsi ba. Na cije leɓe na ce a raina, ki yi shiru, kin yi alkawari.

Sai ya yi dariyar yaƙe, ya nuna ni, ya ce wa matar wai yarinyar ce ta cika masa tauri yau, kullum yana gaya mata, ba ta ji. Ya waiga, ya ga moɗa a bakin randa, ya cika ta, ya nufi robar.

Ba zan ce na yi tunani ba. Da na yi tunani da na tuna Umma, da na tuna injin. Abin da na gani kawai shi ne ruwa zai sauka a kan kwaɓin da na danna tun asuba da kafaɗar da ba ta ɗaga buta. Ya riga ya tuttula rabi kafin in isa. Na fizge moɗar na jefar.

"Matsa."

Na karkata robar na tsiyaye ruwan, na yanke saman da ya jiƙe na ware gefe. Na zaro curinsa daga injin, na raba shi uku, na buɗe bakin, na hau benci. Danna, gari, murza, ninke, matse. Ban ɗaga kai ba sai da falle ya fito na kai shi bakin yanka na tare taliyar a hannun hagu.

Matar ta ce in zo. Ta kama hannuna na dama ta juya shi, ta shafa kantar da ke gindin yatsuna. Ba ta nemi ganin nasa ba. Ta tambaye ni shekara nawa ina yi, na ce uku, kafin nan Umma ce. Ta dubi Umma, Umma ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Ta dawo da ido kaina.

"Shi fa, me yake yi a ciki?"

A nan ne ya kamata in ce tare muke yi. Kalma uku. Ga Umma a bayana, ga alkawarin da na yi mata. Amma maganar nan tasa, yarinyar ce ta cika masa tauri, ba ta gama sauka daga wuyana ba.

"Shi hosil yake yi," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wani abu, ta rufe littafin. Ta ce wa Yaya ba shi ne na farko da ya cike fom da aikin wani ba a satin nan, gida na huɗu ke nan, kuma an cire sunansa. Na ce to Hajiya a sa nawa mana, ga aikin kin gani. Ta ce ba a hannunta yake ba, ƙa'idar ita ce wanda ya cike fom ya zama shi ne mai yin aikin, kuma an rufe karɓar suna tun watan jiya. In an sake buɗewa in cike da kaina. Na tambaye ta yaushe, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta yi wa Umma sallama, ta sa takalminta, ta fita.

Ko ƙurar takalminta ba ta kwanta ba Yaya ya fara zagina. 'Yar baƙin ciki, mahassadiya, wadda ba ta son ci gaban ɗan uwanta. Na tozarta shi a gaban baƙuwa, na kashe masa hosil ɗin shekara biyu. Na ce shekara biyun wa? Na ce ya nuna mini inda ta taɓa shi, a hannu ko a baya. Ya shuri robar kwaɓin ta kife. Umma ta ce ya isa, a hankali, ba ta dubi kowa a cikinmu ba. Da yamma ya ɗora sabon bidiyo, yana zaune a cikin motar wani, yana wa'azi a kan maƙiyan cikin gida. Aka yi ta ba shi haƙuri, ana cewa duk mai nema yana tare da mahassada.

Bai sake taɓa zancen taliya ba. Ya koma tallan agogo da takalma a waya. Ya tafi da lambobin masu sarin da ya kawo, ya ƙi ba ni ko ɗaya, wasu suka nemo gidan da kansu, wasu shiru. Ƙanwar Baba ta zo takanas daga Gwammaja ta zaunar da ni, ta ce mace mai baki irin nawa ba ta zama a gidan kowa, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce Gwaggo, nawa hannun ne ke ruɓewa, ba a ga wannan ba? Ta ce ga irinta nan.

Umma kuwa kwana biyar ba ta yi mini magana ba, sai zo, ɗauki, ajiye. Wannan ya fi duk zagin ciwo. Ina murzawa, tana karɓa tana shanyawa, ba mai kallon wani.

Bayan wata biyu na ji an ba wata yarinya injin, a wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Ban san ta ba, an ce marainiya ce, kuma da hannunta take yi tun tana ƙarama. Ba ni da abin cewa a kanta. Na ga taliyarta a shagon bakin titinmu, sumul-sumul, kowane sili daidai da ɗan uwansa. Mai shagon, wanda tun ina goye yake karɓar ta Umma, ya ce mini yanzu mutane waccan suke tambaya, in rage abin da nake kawowa. Wani shagon ma ya ce in dakata tukuna. Har yau ba a sake buɗe karɓar suna ba. Kafaɗar kuma tana nan, yanzu sai na ɗaure ta da tsohon ɗankwali kafin in hau benci.

Ranar da na dawo da ragowar taliyar da mai shagon ya ƙi karɓa, na tarar da Umma a ƙarƙashin rumfa tana tankaɗe fulawa. Na ajiye kwalin a gabanta. Ta dube shi, ta dubi ɗaurin kafaɗata.

"Da kin yi shiru, da yanzu ba kya wannan ɗaurin."

"Da na yi shiru, Umma, da yanzu injin yana Gwammaja. Ga ɗaurin, ga babu masu saye."

Ta ci gaba da tankaɗe. Na zaci maganar ta mutu ke nan, har na juya zan shiga ɗaki.

"Na sani," in ji ta. "Ko da na ce miki zan hana shi, na san ba zan iya ba."

Na tsaya ina jiran ta ƙara wani abu, ta ce to don me ta roƙe ni, ko ta ce na yi daidai, ko ta ce ban yi ba. Ba ta ƙara ba. Ta turo mini robar da ƙafa, ta ce in rage kwaɓin gobe, rabin na yau ya isa.